Malam Iro ya tafi, ban karanta masa babi na huɗu ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina shirin fita makaranta sai ga kiran Hajara, babbar 'yar Malam Iro, daga Kurfi. Ta ce, "Dakta, Baba lokaci ya yi." Na ce wane Baban? Wallahi na san wanda take nufi, bakina ne kawai ya faɗa.

Ya dawo daga sallar asuba ya ce kansa na sarawa, ya kishingiɗa a zaure. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Mun kai shi makwancinsa da hantsi. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Iro shi ne hedimastanmu a firamare a Kurfi. Ina aji biyar mahaifina ya yanke shawarar in bar boko in bi shi kasuwar hatsi. Sau uku Malam Iro yana zuwa gidanmu a kan kekensa, yana zama a tabarma yana lallashin tsohon, har ya haƙura. Ba don shi ba da yau ina auna masara da tiya.

Shi ne ya fara nuna mana taswirar duniya. Yakan zo aji da rediyonsa, in an ambaci wata ƙasa a labarai ya ce a tashi a nemo ta a bango.

Shekaru suka wuce, na zama malami a jami'a a nan Dutsin-Ma, ina koyar da hulɗar ƙasa da ƙasa. Wata rana na shiga ajin sababbin ɗalibai, sai na ga dattijo da furfura a layin gaba, ya miƙe tsaye saboda shigowata. Malam Iro ne. Ya yi ritaya, ya zauna jarabawa tare da sa'o'in jikokinsa, ya samu gurbi.

Lakcar ranar ban san abin da na faɗa ba.

Da aka tashi na same shi na durƙusa, na ce, "Malam, don Allah ka daina miƙe mini." Ya ce, "A Kurfi ni ne malaminka, a nan kai ne nawa. Kowa ya riƙe matsayinsa." Na tambaye shi me ya kawo shi da girmansa. Ya ce, "Na tsufa ina jin an yi taro, an sa takunkumi, an ƙulla yarjejeniya. Washegari mu ne muke ji a jikinmu. So nake in san su waye masu yanke mana hukuncin nan, kuma da me suke aunawa."

Shekara huɗu yana hawa bas daga Kurfi kullum, bai taɓa shigowa aji a bayana ba. Ɗalibai Baba suke ce masa. Lokacin jarabawa yakan zo da ƙullin gyaɗa soyayya ya raba wa waɗanda ya lura ba su karya ba. Kwamfuta ta ba shi wahala sosai, amma bai yarda wani ya rubuta masa ko layi ɗaya ba.

Akwai ranar da nake bayanin yadda ake sulhunta ƙasashe, ya ɗaga hannu ya ce, "Dakta, a cikin littattafan nan akwai inda aka faɗi yadda mutum zai je gonarsa ya dawo lafiya?" A lokacin damina biyu ke nan bai taka babbar gonarsa ba saboda 'yan bindiga. Na yi ta Turanci na kusan minti biyar, ni da shi duk mun san ban ba shi amsa ba.

Da aka zo rabon furojet, wato binciken kammala digiri, ni aka ba nasa in duba. Ya zaɓi ya yi a kan rufe boda tsakaninmu da Nijar. Ƙanwarsa Indo tana aure a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ta kwanta ciwo lokacin da aka rufe boda, aka ce masa ya bi ta daji a kan mashin kamar yadda kowa ke yi, ya ce ya gama koya wa yara bin doka, ba zai karya ta da tsufansa ba. Ta rasu bai gan ta ba.

Ranar kasuwa yakan zauna da dillalan hatsi da na dabbobi yana tambayarsu yana rubutawa. Wata guda da ya wuce ya kawo mini babi na huɗu a cikin ambulan. Na ɗora a kan tebur, a saman na sauran ɗalibai.

Sau biyu yana zuwa ina cewa ban samu zama ba. Gaskiya ne, ga mitin, ga makin jarabawa, ga tarin ɗalibai. Amma yau duk waɗannan dalilan ba su da nauyin ƙwayar gero a wurina.

Ranar Alhamis ne ganina da shi na ƙarshe. Ya tare ni a bakin ofis ina saurin shiga mitin. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ba komai, Dakta, na ga kana da uzuri. Sai mako mai zuwa. Ni dai Allah Ya nuna mini ranar da zan sa rigar nan ta kammala digiri da hularta, a yi mini hoto Hajara ta rataye a zaure." Ya yi dariya ya juya. Ko tasha ban ce zan kai shi ba. Ta taga na hango shi yana tafiya cikin rana yana neman mai mashin.

Daga maƙabarta ofis na wuce kai tsaye, na buɗe ambulan ɗin. A shafin farko ya maƙala 'yar takarda da rubutunsa: "Dakta, kada ka ji nauyina. Inda na yi kuskure ka sa jan biro."

Na karance shi tas cikin awa ɗaya da rabi. Awa ɗaya da rabi kacal. Wuri uku ne ke buƙatar gyara. Na sa jan biron kamar yadda ya ce, sannan na zauna ina kallon takardun, babu wanda zan miƙa wa.

Gobe ina da lakca ƙarfe takwas da 'yan ajinsu. Ban san da wane baki zan yi ta ba.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Iro, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ilimin da ya bayar da wanda ya fita nema su tsaya masa. Ka haɗa shi da Indo a Aljanna. Ka ba Hajara da ƙannenta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa mini gafara.