Bagobirar da Iya Kaosarat Ta Zana

Duk wanda ya san layin telolin Fagge ya san Iya Kaosarat, ko bai taɓa kai mata ɗinki ba, domin muryarta kan riga ta isa wuri. Sunanta na yanka Sherifat. A Sabon Gari aka haife ta, iyayenta mutanen Ogbomosho ne da fatauci ya kawo Kano. Ta buɗe shago tun zamanin soja da keke ɗaya mai tsatsa, da farar hula suka dawo aka shiga yayin anko, ta ƙara kekuna har ta fasa bango. Hausa kuwa tana bakinta fiye da wasu Kanawan, illa dai har gobe ba ta iya cewa Hajiya, sai Ajiya.

Ni Bagobira ce, ina sayar da zare da zif da maɓallai a shagon da ke jikin nata. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa ya riga ya san irin zaman da muke yi. Kowane ɓangare yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da abokin wasa ya faɗa maka dole ka haɗiye ko ka rama, fushi dai babu shi. Gaskiyar magana su ne bayinmu, amma ba wannan ya kawo ni ba. Iya Kaosarat ta riƙi wasan nan tamkar sana'a ta biyu. Da safe ba ta yi mini sallama, sai ta leƙo ta ce, "Baiwata, kin share ƙofar uwar ɗakinki kuwa?" Ni kuma in ce mata ta je ta wanke manjan da ke haɓarta tukuna.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Kaosarat. Da yarinyar ta gama karatun jinya ta fara aiki, sai ta saya wa uwar waya irin ta shafawa, ta sa mata wata 'yar manhajar zane a ciki. Abin ba shi da wani tarkace: farin fili, fensir, 'yan launuka a gefe, da kilina ta gogewa. Da yatsa ake yi. Kana iya ɗauko hoton mutum ma ka yi zane a kansa. Nufin Kaosarat uwar ta daina zana salon riga a bayan kalanda, ta riƙa zanawa a gaban mai kaya, don a huta da rigimar nan ta "ba haka na ce ki yi mini wuyan ba."

Da farko abin da aka yi da wayar ke nan. Daga baya Iya ta gano cewa yatsan da ke zana wuyan riga yana iya zana wuyan mai rigar.

Ta fara da Ambrose mai gyaran kekunan ɗinki. Ta ɗauke shi hoto yana sunkuye, ta ƙara masa tumbi har ƙasa, ta ɗora masa keken a kan tumbin. Ta zana mai karɓar kuɗin shara da hannaye kamar na dorinar ruwa. Amma tana da ƙa'ida. Zanen wanda ba abokin wasanta ba, ni kaɗai take nuna wa, mu yi dariya har hawaye, sannan ta sa kilina ta goge. Na Bagobiri kuwa ba a gogewa. Ni an zana ni ina goye da akuya, an zana ni ina yi mata fifita, kuma babu wanda bai gani ba daga bakin titi har ƙarshen layi. Matsalarta ɗaya, Gobirawa sun yi mata kaɗan a Fagge. Ni ce, sai wani tsoho mai sayar da albasa wanda ya koma bi ta bayan layi.

Duk wannan ɓaɓatun, akwai abin da idan aka taɓo shi Iya takan yi tsit, wato auren Kaosarat. Sa'o'in yarinyar duk sun yi aure, uwar ce ma ta ɗinka musu kayan biki. Na sha ganin ta tana kafa duwatsun ado a rigar amaryar wasu tana share ido da gefen ɗankwali, ta ce wai zare ne ya faɗa mata. Saboda haka ranar da Kaosarat ta ce ga wanda take so, wani Abdulgani mai shagon atamfa a Kantin Kwari, Iya ta yi rawa a tsakiyar shago da almakashi a hannu.

Ya zo gaishe ta da hantsi, babu wuta, janareton kowa yana ihu, 'yan adaidaita sun cushe layin suna ta hon. Yaro ne mai kunya, ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Ina ne gidanku?" in ji Iya, da ƙarfi.

"Rijiyar Lemo, Mama. Ni da mahaifiyata, Hajja. Babanmu ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Asali fa?"

"Gubio, Mama."

"Gobir?"

Bai ji ta ba, ko kuwa ya ji kunyar gyara wa suruka magana, oho. Ya dai gyaɗa kai. Gubio gari ne a ƙasar Barno, tsakaninsa da Gobir tafiya ce ta gabas da yamma. Amma Iya ta riga ta ji abin da kunnenta ya daɗe yana son ji. Bayan ya tafi ta faɗo shagona tana haki.

"Baiwata! Allah ya kashe ya ba ni! Gida guda na bayi zan samu, har da uwarsu!"

Ni ma na yi murna, na ce Allah ya kawo mini 'yar'uwa mu haɗu mu gyara mata zama. Ta sa Kaosarat ta turo mata hoton Hajja, wai tana son ta ga kalar da za ta dace da ita. Daga ranar ta hana ni ganin wayar, ta ce kada in tsegunta wa 'yar'uwata. Abin da ya ba ni mamaki, sai in ɗago kai in ga ta ƙura wa kumatuna ido, ta sunkuya ta shafa waya, ta sake ɗagowa. Ina da zanen gidanmu a fuska, wanda ya taso daga gefen baki ya bazu zuwa kunne. Na tambaye ta lafiya, ta ce in ci gaba da aikina, ba a tambayar uwar ɗaki.

Ranar da Hajja za ta zo ganin gidan su yarinya, a gidan Iya da ke Kwaciri, ina cikin masu tarba. An yi girki kamar za a ciyar da unguwa. Da la'asar sai ga su, ita da ƙannenta mata. Doguwar dattijuwa, ta naɗe jikinta da lafaya, ƙamshin turaren wuta ya riga ta shigowa. Ina ganin fuskarta na san akwai matsala. Zanenta dogaye ne, sun sauko daga sama zuwa ƙasa. Ko makaho ya shafa ya san Babarbariya ce.

Na yi wa Iya ido. Na yi tari. Na taka mata ƙafa har sai da ta ce wash.

"Ku gan ta," in ji ta, "tun yanzu ta fara kare 'yar'uwarta." Ta juya wajen baƙuwar da fara'arta duka. "Ajiya, sannu da zuwa gidan iyayen gijinki! Ki ajiye takalmin a nan, anjima ki haɗa da nawa ki wanke."

Hajja ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan tabarma. Ƙannenta suka dubi juna. Iya ta ɗauka shirun nan na Bagobirar da ke haɗa amsa ne, sai ta zaro waya ta miƙa mata da hannu biyu. Na leƙa. Ga Hajja nan da lafayarta, an ɗora mata keken ɗinki a ka, an rataya mata takalman Iya a wuya, kuma an shafe kumatunta an zana mata irin nawa zanen, baƙi ƙirin, har kunne.

"Wanzamin garinku bai iya aiki ba," in ji Iya, "ya yi miki su a tsaye. Na gyara masa."

Hajja ta daɗe tana kallon wayar. Ta miƙa mata abarta, ta mayar da ƙafarta cikin takalmi, ta ce, "Mun gode da tarba." Ko ruwa ba su sha ba.

Ban taɓa jin tausayin Bayarabiya ba sai ranar. Da na gaya mata inda Gubio take, ta zauna daɓas a kan turmi, bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu. Kaosarat ba ta yi mata faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Abdulgani ya aiko cewa Hajja ta ce a dakata da maganar tukuna, kuma kowa ya san abin da tukuna take nufi a bakin uwar miji. Kwanaki layinmu ya yi shiru har Ambrose ya zo tambaya ko an yi rasuwa.

Ni na ce mata ta tashi mu je. Ta yi ta ja da baya, na ce ai wannan umarnin uwar ɗaki ne, ko murmushi ba ta yi ba. Muka hau adaidaita zuwa Rijiyar Lemo. Muka tarar da Hajja a tsakar gida tana haɗa turare. Iya ta zube gwiwa biyu a kan siminti, irin durƙuson da Yarbawa ke yi wa manya, ga ta da jiki, har sai da na ji ƙarar gwiwar.

"Ajiya, ki yafe mini. Kunnena ne ya cuce ni. Na ɗauka ke abokiyar wasata ce. Keken nan da takalman, wallahi..."

"Keke?" in ji Hajja. "Na ɗauki abin da ya fi keke nauyi a kaina, na yi tallan da na rena yaran nan da shi. Wannan bai dame ni ba. Ina wayar?"

Iya ta zaro ta.

"Buɗe. Goge wannan da kika sa mini a fuska."

Iya ta taɓa kilina ta shiga gogewa. Garin sauri ta haɗa da ainihin kumatun, wurin ya koma fari fat.

"To zana nawa," in ji Hajja. "Ki dube ni da kyau. Kakata ce ta riƙe ni aka yi mini su. 'Ya'yana babu mai ko ɗaya, jikokina ma ba za su yi ba. Idan na mutu sun tafi ke nan. Su kika ce wanzami bai iya ba."

Iya ta ɗago ta dube ta, ta zana, Hajja ta ce ya karkace. Ta goge ta sake, Hajja ta ce ya yi gajere. Daga ƙarshe dattijuwar ta kamo yatsan Iya ta ɗora a kan kuncinta, ta bi da shi tun daga sama har ƙasa, layi bayan layi. Iya tana zane hawaye yana ɗiga a kan gilashin, tana sharewa da haɓar zane, abin yana ƙara ɓaci, tana sakewa. Ni dai na kau da kai na ce hayaƙin turare ne ya shiga mini ido.

Da ta gama, Hajja ta karɓa ta nisanta wayar daga fuskarta, ta duba.

"Yanzu ni ce," ta ce. "Keken kuma bar shi, kada ki goge."

"Ajiya, in bar shi?"

"Ki bar shi, shaida ce. Ni ba abokiyar wasanki ba ce, ba zan rama da bakina ba. Amma jika abokin wasan kakarsa ne. Ki jira wanda Kaosarat za ta haifa mini. Ni zan rene shi, ni zan saya masa irin wannan wayar, in zaunar da shi a gabanki. Tashi ki tafi, gwiwarki za ta fasa mini siminti."

Muka fito Iya tana ta godiya, fuskarta duk a jiƙe, ba ta fahimci komai ba illa an kore ta cikin mutunci. Mun hau adaidaita mun yi nisa, tana ta jan hanci, sai ta ɗago a firgice ta damƙe mini hannu.

"Wanda wa za ta haifa?"

"Kaosarat," na ce.

"Ta haifa wa wa?"

Sai a lokacin ta gane Hajja ta amince da auren. Ta yi wata irin guɗa da ta sa direban ya taka birki, mai babur ɗin kaya na bayanmu ya zage mu tas. Ta zaro wayar za ta kira 'yarta, yatsan ya ƙi tsayawa a kan lamba, sai ta cusa mini ita a hannu.

"Kira mini ita," ta ce. "Don Allah, uwar ɗakina, kira mini ita."