Sai Ruwa na Uku

Kakata ta wajen uba, Kaka Saratu, ciwon ƙafa ne ya kawo ta Kaduna. Ta zo da niyyar yin wata ɗaya ta koma ƙauyensu a kan duwatsun Filato, sai ga shi ta shekara goma sha ɗaya tare da mu a Trikania, a nan kuma aka binne ta. Gidan haya muke, ɗaki biyu cikin jerin ɗakuna takwas masu kallon juna. Babana ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, mamana kuwa tana ɗinki a baranda. Ni ce ta biyu, sunana Rahila, ina bin yayata Hannatu.

Kaka ba ta taɓa yarda da risho ba. Ta ce abincinsa warin kananzir yake yi. Sai ta samo duwatsu uku ta kafa murhu a bayan ɗakinmu, kusa da wata bishiyar gwaiba da ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba. In an ci tuwon yamma, musamman ranar da aka ɗauke wuta, a nan muke taruwa, mu da yaran maƙwabta, 'yan ƙabilun Tibi da Angas da Bajju, duk Hausa ce ta haɗa bakinmu. Da damina ta gasa mana masara, da rani gyaɗa. Takan miƙe ƙafar nan mai ciwo kusa da garwashi, ta ɗaura ɗankwalinta na zumuntar mata wanda ya koɗe, ta ce, "Ga ta nan tafe, tana ɗingishi kamar ni." Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso a hankali, muna jira."

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Akwai ta kunkuru da ya je ɗaurin aure da aron wando, akwai ta biri da ya zama dattijon coci. Amma akwai guda ɗaya da ba ma so, ita kuwa ba ta shekara ba ta ba mu ita sau biyu ko uku ba. Labarin Tani ne.

Tani, in ji Kaka, matar wani manomi ce a wani gari da ke gindin dutse. Aka yi fari shekara biyu a jere, rumbuna suka koma wofi, har mutane suka cinye irin da suka ajiye don shuka. Wata safiya Tani ta je rafin da ya ƙafe tana tonon yashi, sai ta tarar da wani tsoho zaune a kan dutse. Ya roƙe ta ruwa, ta ba shi ɗan abin da ta tara a ƙoƙo. Da ya sha sai ya miƙa mata gora a toshe da ƙasa, ya ce irin acca ne a ciki, Allah ne ya aiko mata. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta ci, kada ta shuka, sai an yi ruwa na uku.

Ruwan farko ya sauka, mijinta ya ce ta kawo goran. Ta ce ba a ce yanzu ba. Waɗanda suka samo ɗan iri daga nesa suka shuka, rana ta fito ta ƙone shi. Ruwa na biyu ya zo da iska da tsawa, gari duka ya ce wannan kam damina ce. Mijin ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ɗaga hannu. Da ta ƙi, ya ɗauki fartanyarsa ya bar garin. Aka bar ta da 'ya'ya uku, suna cin tafasa da ganyen rama ba gishiri. Ɗan autanta ya kwanta. Maƙwabta suka zo suka ce ta fasa goran ta dama masa kunu ko ludayi ɗaya ne, ai Allah ba mugu ba ne, zai gane. Tani ta ɗauki goran ta girgiza shi a kunnenta, ta ji irin yana motsi, ta mayar da shi ƙarƙashin gado. Kwana huɗu kafin ruwa na uku, yaron ya mutu.

A nan Kaka takan tsaya ta juya masara, ba ta kallon kowa.

Ruwa na uku ya zo, Tani ta fita ita kaɗai ta watsa irin. Accar ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba, garin duka ya ci, kowane gida ya sami irin baɗi. Ranar girbi aka yi kiɗa da rawa a dandali, ita kuwa tana bayan gida zaune kusa da ɗan tudun ƙasar da aka rufe ɗanta. "Nan ta tsaya," in ji Kaka. "Wanda bai ƙoshi ba ya je ya tambayi ɓera."

Na tuna ranar da na kasa haƙuri. Ina da shekara tara. Na ce, "Kaka, tsohon bai dawo ya ta da yaron ba?"

"Bai dawo ba."

"Mijin fa?"

"Shi ma."

Hannatu ta ce, "To me ta samu da ta yi biyayyar?"

Kaka ta ɓare masara ta raba mana. Ta ce, "Ni ban ce muku an biya ta ba. Cewa na yi ta riƙe."

Mama tana jin mu daga baranda. Ta dakatar da keken ɗinki ta ce wa Kaka, "Mama, don Allah wannan ba labarin yara ba ne. Ki ba su na kunkuru."

"Yaran nan mata za su zama, Lidiya," in ji Kaka. "Gara su ji daga bakina."

Na tashi na shige ɗaki ban ci masarar ba. Na tsani Tani, na tsani tsohon nan na bakin rafi, kuma a ɓoye cikin zuciyata na ji haushin Wanda ya aiko shi. A makarantar Lahadi an koya mana cewa mai biyayya yakan ga alheri, labarai kuma duk da murna suke ƙarewa. Sai bayan rasuwar Kaka ne babana ya gaya mana cewa su tara ta haifa, huɗu ta binne da hannunta kafin su yi wayo, kuma ko Lahadi ɗaya ba a taɓa ganin wurin zamanta a coci babu kowa ba.

Shekaru suka wuce. Masaƙa ta rufe, babana ya koma gadi har ƙarfinsa ya ƙare. Na yi aure da Bitrus, makanike ne, muka kama gida a Gonin Gora, ina koyarwa a wata ƙaramar firamare. Allah ya ba mu 'ya mace, muka sa mata Alheri. Tana da wata takwas hannuwanta suka kumbura, aka gwada jini aka ce sikila ce.

Wanda bai yi jinyar mai sikila ba ba zai san abin da nake nufi ba. Yarinya tana wasa da rana, kafin yamma tana birgima tana cewa ƙasusuwanta ake sara. Mun san kowane benci na asibiti. An ƙara mata jini har na daina lissafi. Duk da haka Alheri ta girma da wayo da tsokana, tana waƙa a ƙungiyar mawaƙan yara, tana cewa nas za ta zama don ta rama alluran da aka yi mata. Na yi azumi, na yi addu'a, matan zumunta sun zo gidanmu da tulunansu na kiɗa sun yi waƙa har maƙwabta suka fito. Na gaskata da dukan zuciyata cewa za ta rayu.

Tana da shekara goma sha huɗu ciwon ya zo da wani irin ƙarfi. Muna kwance a asibiti mako na biyu sai yayar mijina, Anti Laraba, ta ja ni waje. Ta ce, "Matarmu, ki saurare ni. Akwai wani mutum a ƙauye bayan Kujama. Baƙin bunsuru kawai za a yanka, a yi mata tsaga, a binne wani abu a ƙofar gida. Yara nawa ya tayar. Ba wanda zai sani, ko fasto."

Na ce, "Anti, ni zan sani. Allah kuma zai sani."

"Allah ai ya ce tashi in taimake ka."

"Ba ta wannan hanya ba."

Ta dube ni ta ce, "To, ki riƙe imaninki. Ina fata zai yi miki kuka ranar da kika tsufa."

Bitrus bai ce a je ba, bai ce kada a je ba. Ya bar mini maganar, na kuwa yanke ta. Kwana tara bayan haka, ranar Talata da hantsi, Alheri ta ce in gyara mata filo. Ina gyarawa ta tafi.

A kaina na san bunsuru ba ya canza jinin mutum. Likita ya faɗa, na karanta, na sani. Amma zuciyar uwa ba ta zuwa makaranta. Wata bakwai ban taka coci ba. In na durƙusa zan yi addu'a sai in tashi ban yi ba. Anti Laraba ba ta sake ta da maganar ba, sai dai yadda take gaishe ni ya isa. Bitrus ya koma fita da sassafe, ya dawo ya ci abinci ya kwanta. Mun zama kamar baƙi biyu da mota ta lalace musu a hanya ɗaya.

A cikin watannin nan ne labarin Tani ya dawo mini, ba don na neme shi ba. Da ina yarinya na ɗauka labari ne a kan mace mai taurin zuciya. Yanzu na san abin da ke cikin girgiza goran nan a kunne. Na san ba ta da tabbacin komai lokacin da ta mayar da shi ƙarƙashin gado, kuma accar da ta cika gari ba ta cike mata gurbin yaro ɗaya ba. Ni ko accar ma ban gani ba. Ba wanda ya ci wani abu daga biyayyata. Na gane kuma dalilin da ya sa Kaka ta ƙi gyara ƙarshen labarin duk da roƙon da muka yi mata. Da ta ce tsohon ya dawo ya ta da yaron, da yau na ce ƙarya ta yi mini, da kuma na ajiye bangaskiyar tare da tatsuniyar.

Bara shugabar zumuntarmu, Mama Rifkatu, ta zo har gida. Ta ce suna so in yi wa matasan mata magana a kan dogara ga Allah. Na ce, "Mama, ku nemi wadda addu'arta ta karɓu." Ta ce irin waɗannan suna da yawa, sun kuma sha ji daga gare su.

Na je. Na tsaya gaban mata wajen arba'in, na ninke takardar da na rubuta. Na gaya musu na yi biyayya, 'yata kuma ta mutu. Na ce ban san dalili ba, na daina cewa na sani. Na ce har yanzu akwai safiyar da addu'ata ba ta wuce "Ga ni nan" ba, kuma ban ji an amsa ba, amma ban sami wani wurin da zan kai wannan kukan ba in ba wurinsa ba. Ba wanda ya yi tafi. Da aka tashi, wata yarinya mai goyo, wadda mijinta ya bi hanyar Abuja wata biyar da suka wuce ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ta zo ta zauna kusa da ni. Muka zauna har aka gama share cocin.

Ban warke ba, kada wani ya ɗauka haka. Ba mu sake haihuwa ba, shekaruna kuma sun wuce. A unguwa da coci har yau Maman Alheri ake kirana. Wasu sukan kama bakinsu in sunan ya fita, su fara ba ni haƙuri. Nakan ce su bar shi. Da shi nake so a kira ni, kuma duk lokacin da aka kira, ina amsawa.