Shamuwar Hajiya Rakia

Ranar da maganar nan ta fara, ruwa aka yi a Jidda. Tun da hantsi hadari ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin, kafin azahar lungunan unguwarmu ta Hindawiyya sun cika, masu shaguna suna ta janye kaya daga bakin ƙofa. Mu nan ruwa baƙo ne. Kowa ya shige ciki, ban da Abduljalil mai hoto. Shi saman gida ya hau, ya lulluɓe kyamararsa da leda.

Abduljalil maƙwabcina ne, a gabana ya girma. A nan aka haife shi. Mahaifiyarsa, Hajiya Rakia, ta zo daga Damagaram tana budurwa tare da iyayenta, aka yi hajji, aka zauna. Yana da ɗan shago a bakin Balad, tsohon garin Jidda, inda yake ɗaukar hoton iƙama, wato takardar izinin zama, da fasfo, da na biki in an kira shi. Wannan shi ne abincinsa. Abin da ransa yake so kuwa yana jikin bangon shagon: biran hanyar Ɗa'if, tagogin katako na tsofaffin gidajen Balad, masunta a cikin kwalekwale, alhazan Indunusiya da Turkiyya da Senegal kowa da irin hularsa. Yakan ce shi bai zaga duniya ba, duniya ce take sauka a Jidda, ta same shi a tsaye da kyamara. Hausa yana jin ta sarai, amma in zai mayar sai rabi ya fito da Larabci.

A shekarar nan ne idon Hajiya ya fara tafiya. Likita ya ce irin ciwon ba ya komawa baya, sai dai a rage masa sauri. Abduljalil ya tambaye ta me take so ta gani tun tana gani. Ya ɗauka Madina za ta ce. Ta ce, shamuwa.

Abin da ya hau da shi saman gida cikin ruwa ke nan. Bayan kwana biyu na shiga gaishe ta, sai ga shi da hoto a cikin gilashi. Yumma yake ce mata, wato inna da Larabcin nan.

"Yumma, ga shamuwarki."

Ta kawo hoton dab da fuskarta, ta juya shi. "Auta, ina take?"

"Ga ta nan, ta cika sama duka."

"Wannan ai hadari ne."

"Aiwa, shamuwa."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta juyo wajena. "Malam Adamou, ka ji ɗan Hausawa. Gemu ya fara fari, bai san shamuwa tsuntsuwa ce ba."

"Tsuntsu? Yumma, ke ce kullum in sama ta yi duhu kike cewa, da a gida ne da shamuwa ta zo."

"To ƙarya na yi? Ita ke zuwa gaba, ruwa ya biyo ta."

Ashe tun yana yaro yake jin maganar, yana ganin ta tana duban sama, ya ɗauka sunan hadari ne. Ba wanda ya taɓa gyara masa, don ba wanda ya taɓa jin ya faɗa. Bai ji kunya ba. Ya ce, "Halas. In tsuntsu ne, zan kawo shi."

Ya fara da fadamun bakin teku, kudu da gari. Ya kawo hoton wani tsuntsu mai dogon wuya, ruwan hoda. Hajiya ta ce wannan amarya ce ta sha lalle. Ya kawo fari tas, ta ce balbela ce, 'yar rakiyar shanu. Na ukun babba ne, fari mai baƙin fukafukai. Ta daɗe a kansa, sannan ta ce, "Ka yi kusa, amma wannan ta sa rigarta a juye. Tawa baƙa ce a sama, fara a ciki, gwiwarta ja."

Ana haka ido yana ƙara raguwa. Ta daina gane fuska sai an yi magana. Wata la'asar Abduljalil ya zo ya zauna kusa da ni a ƙofar gida. Ni Ammi yake ce mini, wato baffa.

"Ammi, gaya mini halinta. Me take ci? Ina take sauka?"

Na gaya masa abin da na sani tun ina yaro a Maraɗi. Fara take ci. Ba ta gudun mutane, a kan bishiyar tsakiyar gari take sheƙa, ba mai jifar ta. In manomi ya gan ta, sai ya sauko da iri. Na ce ya daina nemanta a bakin teku, ya nemi inda ake noma dawa.

Ya tambayi abokansa masu bin tsuntsaye, suka ce akwai irinta can kudu, wajen Jazan, in zafi ya shigo. Da zafi ya shigo ya rufe shago ya kama hanya. Ya ce da ya isa ya ga gonakin dawa da ɗakuna masu kan tulluwa, sai ya ji kamar cikin hirar Yumma ya shiga. Wani manomi ya nuna masa kwarin da tsuntsayen suke sauka. Ya yi kwanaki yana zama a gindin bishiya, har wata safiya ɗaya ta sauka gabansa tana tsintar fara, ko kallonsa ba ta yi ba.

Da ya dawo, hoto irin na gilashi ya riga ya fi ƙarfin idon Hajiya. Bai tsaya ba. Ya kai wa masu buga allon shaguna, suka fitar masa da shi tsawon ƙofa. Ni da shi muka shigar da shi, muka jingina inda hasken taga yake faɗowa. Ta tashi ta dafa kafaɗarsa, ta matsa, tana bin hoton da tafin hannu.

"Baƙi. Fari. Ina gwiwar?"

"Ƙasa kaɗan, Yumma."

Ta sunkuya, ta daɗe a wurin. "Ita ce. A ina ka same ta?"

"Jazan."

"Ashe ita ma zuwa ta yi ta zauna, kamar mu. Tana da iƙama?"

"Ko kafili mai tsaya mata ba ta da shi, Yumma."

"To ka rufa mata asiri. Yalla, a kawo wa Malam shayi."

Yanzu Hajiya haske da duhu kawai take rarrabewa. Hoton yana ɗakinta, ta san inda yake, in baƙi sun zo takan nuna musu da hannu. Na hadarin yana rataye a shago, har yau da gangan yake ce masa shamuwa. Abduljalil yana nan a bakin Balad yana ɗaukar hoton iƙama, kuma duk zafi yakan rufe shago ya tafi Jazan.