Ranar da Inna Sifana Ta Raba wa Ofisoshi 'Ya'ya

A bayan ginin wata ma'aikatar gwamnati, tsakanin wurin ajiye motoci da ɗakin janareta, akwai wani ɗan gida mai ɗaki uku da baranda. Gwamnati ce ta gina shi domin ma'aikata su riƙa ajiye ƙananan 'ya'yansu da safe, su ɗauka in an tashi aiki. Ranar buɗe shi an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, an tafa. Tun daga ranar ba a sake buga masa ko ƙusa ɗaya ba, sai da Inna Sifana ta zo.

Ita ce 'yar fari a gidansu. Mahaifinta bakanike ne, kuma Allah ya jero masa 'ya'ya mata har shida. Da ya gaji da jiran namijin da zai riƙa miƙo masa kayan aiki, sai ya ce babbar ta zo ta tsuguna kusa da shi. Tana shekara tara ta san sifana mai lamba goma daga mai sha biyu ba tare da ta duba ba, nauyinsu a hannu kawai ya ishe ta. Mahaifiyarta ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa wa zai auri yarinya mai warin baƙin mai. Wanda ya aure ta direban ma'aikata ne. Ya kawo mota gyara, ya ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta, ya yi ta zuba bayani yana cewa "maigida, maigida", sai ga budurwa ta fito tana goge hannu. Ta ce masa injin lafiyarsa ƙalau, shi ne bai iya canza giya ba. Ya sha gaya wa 'ya'yansu cewa ba a taɓa yi masa cin fuskar da ya yi masa daɗi kamar wannan ba.

Shekara ashirin da biyu suka yi tare kafin ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Abokan aikinsa suka yi ta kai gwauro da mari har aka ba ta gurbin mai raino a gidan yaran. Aikinta a takarda shi ne ciyarwa, da wanke ɗuwawu, da lallashi.

Ranar da ta fara, ta shiga banɗaki da yaro a hannu ta tarar da famfo yana tsiyaya, an tara masa roba, robar ta cika tana zuba a ƙasa. Ta je wurin shugabar gidan, wata mace mai tabarau da sanyin murya da kowa ke kira Anti Babba.

"Anti, famfon nan yana zuba."

"Ai mun rubuta."

"Yaushe?"

"Bara. Kin ga, sai mun cika fom, fom ya je wurin darakta, darakta ya tura Sashen Ayyuka, Injiniya ya sa hannu, sannan a turo mai dubawa. Mai dubawa ba ya gyara, dubawa kawai yake yi."

"To mai gyaran fa?"

Anti Babba ta gyara zaman tabaraunta ta ce ita dai tun da ta zo ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta ji an ce akwai shi.

Washegari Inna ta zo da sifanar mahaifinta a cikin jakar hannu, kusa da man shafawa. Minti biyar bai cika ba famfo ya yi shiru. Yaran da suka tsaya kallo suka tambayi sunan abin, ta gaya musu, kafin a tashi aiki sunan ya manne mata. Iyaye ma da shi suka san ta.

Bayan sati biyu takardar tuhuma ta iso daga Injiniya, shugaban Sashen Ayyuka, wai ta yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa ta taɓa kayan gwamnati alhali ba huruminta ba ne. Anti Babba ta rikice, ta ce a rubuta ban haƙuri mai tsawo. Inna ta ce a rubuta abin da za ta faɗa kawai: "Na ga ruwa yana zuba, na tsayar da shi. In laifi ne, a sanar da ni in kwance ya ci gaba." Ba a ba ta amsa ba, ita ma ba ta kwance ba.

Haka ta ci gaba a ɓoye kamar mai sata. Ta ɗaure sarƙar lilo, ta gyara fankar da ke kukan akuya, ta sa wa gadaje ƙafa, ta canza mariƙin ƙofar da ya taɓa kulle Anti Babba a sito na awa biyu. Tana aiki tana sauraron yara, kuma a bakinsu ta san ma'aikatar ciki da waje, domin wasan da suka fi so shi ne wasan ofis. Wata 'yar shekara uku za ta zauna a kan fo ɗin da yara ke kashi a ciki, ta ɗora murfin kwali a cinya, sauran su yi layi. Duk wanda ya iso gabanta sai ta ɗaga kai da ƙyar ta ce, "Yallaɓai yana mitin, ka dawo gobe." Shi kuma ya yi tsaki irin na ubansa ya koma bayan layi.

Rufi ne ya fi ƙarfinta. A shekararta ta bakwai kwanon ɗakin barci ya ci tsatsa ya huje, ga gwiwoyinta sun fara ciwo, tsani ya gagare ta, kuma ko da ta hau ba ta da sabon kwano. In aka yi ruwa sai a jera bokitai, in sun ƙare a kawo robobin wanka, in sun ƙare a ɗauko fo. Anti Babba ta rubuta takarda uku. Bayan ta uku aka turo kwamiti mai mutum biyar, suka zo ranar da rana ke ƙwallewa, suka ɗaga kai suka kalli silin, suka sha ruwan sanyi suka tafi. Rahotonsu ya ce a lokacin ziyara ba a ga wani yoyo ba.

Wata ranar Talata da misalin ƙarfe goma na safe aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inna tana cikin ɗakin barci ta ga allon silin ɗaya ya yi ciki kamar mai shirin haihuwa, kuma daidai ƙarƙashinsa wata jaririya 'yar wata takwas ke barci. Ta sunkuya ta ɗauke ta, ta yi taku uku, sai ta ji rugum a bayanta. Allon ya faɗo da ruwa da ƙasa a kan katifar, daidai inda kan yarinyar yake ɗazu. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Inna ce ta jingina da bango tana salati.

Anti Babba ta shigo da gudu, ta ga abin da ya faru, ta juya tana neman biro.

"Anti, ajiye biron nan."

"Dole mu sanar a rubuce, Inna."

"Za mu sanar. Amma yau da ƙafa za mu sanar. Kawo mini rajistar sunayen yara."

Yara talatin da ɗaya ne a gidan ranar. Inna ta kwance igiyar shanya ta sa masu iya tafiya suka riƙe ta a jere. Ita da sauran masu raino biyu suka goya jarirai, suka rungumi wasu, aka yafa ledojin katifa a kai. Kowane yaro aka rataya masa jakarsa, manyan cikinsu aka ba su fo su riƙe. Haka suka tsallaka wurin ajiye motoci suka shiga babbar ƙofa, Anti Babba a baya da rajista tana cewa a hankali, "Wayyo, fanshona." Mai gadi ya buɗe baki zai yi magana, sai ya hango jikarsa a tsakiyar layi, ya matsa ya ba su hanya.

Suka bi ofis ofis. Inna ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama, ta miƙa yaro da jakarsa, ta ce rufi ya faɗo, ta wuce. Hawa na ɗaya ya samu tara, na biyu ya samu goma sha huɗu. Da suka kai hawa na uku suka sauke wasu shida, saura tagwaye maza 'yan shekara biyu, waɗanda uwarsu ta tafi kwas ta bar wa ubansu. Ubansu kuwa shi ne Injiniya.

Sakatariyarsa ta tare ƙofar ɗakin taro ta ce yana tare da Babban Sakatare da baƙi.

"Saƙo ne na hannu da hannu, 'yata," in ji Inna, ta ture ƙofar da kafaɗa.

Mutum goma sha biyu suka juyo. Ta wuce har gaban Injiniya ta ɗora masa ɗaya a cinyar dama, ɗaya a ta hagu, ta ajiye fo a kan tebur kusa da takardunsa.

"Yallaɓai, ga naka. Wannan ya ci, wannan ya ƙi. Wannan kuma in ka ga ya yi shiru ya ƙura wa bango ido, to ka yi sauri."

Babban Sakatare, dattijo mai furfura wanda ba a saba jin ɗaga muryarsa ba, ya cire tabarau ya ce, "Baiwar Allah, wace ce ke?"

Ta gaya masa. Ta gaya masa takardu uku, da kwamiti, da allon silin, da jaririyar. Babban Sakatare ya dubi Injiniya. Injiniya ya ce fayil ɗin, wato, ana nemansa. Yana cikin faɗa ɗan da ke cinyarsa ta hagu ya yi shiru ya ƙura wa bango ido.

Har yau tsofaffin ma'aikata suna ba da labarin awanni ukun da suka biyo baya. A ofishin rajista wani yaro ya samu hatimi ya buga wa takarda arba'in, ya ƙarasa a farar rigar ubansa. An ga darakta sukutum a ƙarƙashin tebur yana rarrafe yana neman takalmin 'yarsa. Wata mai buga takardu ta yi wasiƙa da hannu ɗaya, aka same ta da layi uku na harafi ɗaya inda jaririnta ya taimaka. Wani baƙo ya bugo waya daga wata ma'aikata, siririyar murya ta ɗauka ta ce masa ya dawo gobe. Maza da ba su taɓa sanin ta ina ake fara ɗaura wa yaro kunzugu ba suka yi layi a ƙofar ofisoshin mata suna roƙo.

Fayil ɗin da aka shafe wata takwas ana nema ya bayyana cikin minti goma. A ofishin Injiniya yake, an tokare ƙafar fanka da shi. Ƙarfe biyu mota ta shigo da sabon kwano, aka ga mutum huɗu a kan rufi cikin yayyafi. Anti Babba ta tsaya tana kallonsu baki buɗe, ta ce ashe da gaske akwai masu gyaran. Injiniya yana ƙasa da laima, ɗa ɗaya a wuya ɗaya riƙe da wandonsa, yana ihu a yi sauri. Inna ta jawo 'yar kujerar yara ta zauna a baranda tana nuna musu ƙusar da ta karkace.

Da yamma ta gaya wa babbar 'yarta cewa ta shirya, gobe ko jibi za a kore ta. Ta ce ba ta yi nadama ba, amma duk ta rufe ido allon nan take gani. Ta kasa cin abinci ranar.

Ba a kore ta ba. Bayan sati guda masinja ya kawo mata takardu biyu a ambulan ɗaya. Ta farko tuhuma ce kan tayar da hankalin ma'aikata a lokacin aiki. Ta biyu yabo ce kan kishin aiki da ceton rai. Dukansu Injiniya ne ya sa hannu, ɗaya da sunansa, ɗaya a madadin Babban Sakatare. Aka kuma ba da umarnin mai gyara ya riƙa zuwa kowace Litinin ta farkon wata. Ya zo wata huɗu ya daina. Daga nan duk lokacin da wani abu ya lalace, sai Inna ta jira Injiniya ya kawo tagwaye da safe, ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Yallaɓai, har yanzu a hawa na uku kake ko?" Kafin azahar mai gyara ya iso.

Shekara goma sha tara ta yi a gidan kafin ta yi ritaya. Yanzu tana zaune da babbar 'yarta, gwiwoyin sun ƙara tsananta, ido ma ya ragu. Da la'asar takan fito ta zauna a benci a ƙofar gida. Waɗanda ta yi rainonsu sun girma sun bazu ko'ina, ba ta gane fuskokinsu, amma in mutum ya faɗi ofishin uwarsa ko ubansa, shi ke nan ya shiga uku.

Kwanan baya wani saurayi mai gemu da kwat ya tsayar da mota, ya fito da budurwar da zai aura, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce shi ɗan mai buga takardu ne na hawa na biyu. Inna ta kama fuskarsa da hannu biyu ta matso da ita kusa.

"Kai ne mai cizo! Kai ne ka ciji likitan rigakafi a gwiwa!"

"Inna, ai wannan ya wuce," in ji shi, yana satar kallon budurwar.

"Ya wuce a wurinka. Har yanzu kana tsoron tsintsiya?"

Budurwar ta ajiye jakarta ta ce, "Inna, wace tsintsiya?" Saurayin ya duba agogo ya ce suna sauri, ana jiransu. Inna ta matsa ta ba yarinyar wuri a benci, ta ƙwala wa jikarta kira ta kawo wa baƙi ruwa.