Abin da Hajja Safiya ta ɗaura a damtse

Shekara huɗu ke nan da rasuwar aminina Malam Haruna, magatakardan jam'iyyar manoma a wani ƙauye kusa da Ƙala'at an-Nahal. Na ɗauka na san duk abin da ya bari. Ashe ban sani ba.

Mutanen ƙauyen a matmura ɗaya suke zuba dawarsu, wato ramin ajiya, kowa da yawan buhunansa. Tun da gara ta cinye wa Haruna daftari ya koma rubuta lissafin a wata tsohuwar waya, yana adana shi a zakira, ɗan katin nan da bai kai farce ba. Kuɗinsa bai fi na mudun riɗi ba, kuma ba ruwansa da shabaka, wato sabis ɗin waya. Na zauna Jidda, na yi fatauci Njamena da Habasha, na ga manyan ofisoshi, amma ban ga mai tsoron ɓatan rubutu kamarsa ba. Duk kaka sai ya kwafe lissafin a kati na biyu, baduku ya ɗinke masa cikin fata saboda damshi.

Da ya rasu, Abbakar da ya gaje shi a aikin magatakarda ya sayar da tsohuwar wayar, ya mayar da komai intanet. Yaƙi ya zo, shabaka ta ɗauke, wayarsa ta ɓace a hanyar garin Fau, lambar sirrin ma ya manta.

Bana Hajja Safiya, matar marigayin, ta nemi buhu goma sha biyu da mijinta ya bari a ramin. Su ne abincinta har kaka. Abbakar ya ce ta kawo shaida.

Na je gaishe ta, na tambayi fatar.

"Wace fata, Alhaji?"

Na kwatanta mata. Sai ta naɗe hannun riga.

"Wannan? Ai layar Malam ce. A aljihunsa na same ta. Tun da na ɗaura ta ciwon kafaɗa ya sake ni."

Fatar katin ce kuwa. Shekara huɗu lissafin gari guda yana shan zufa da hayaƙin murhu, ana wanka da shi!

"Hajja, sai an farke ta."

"A farke abin Malam? Ya zol, bawan Allah, ka ji tsoron Allah!"

Kwana biyu ta yi kafin ta yarda, kuma ita ta sa reza da hannunta a gaban dattawa. Aka sa katin a waya, ya buɗe. Ga buhunanta goma sha biyu. Abin da ya fi girgiza ni, ga sunayen wasu mata uku, su Maryama, da aka riga aka sallama da "babu shaida", suka haƙura. Abbakar ya sunkuyar da kai. Ba na ce ɓarawo ne ba, shi ma bai sani ba.

Da Haruna na raye, maganar kafaɗa za ta ba shi dariya har ya yi tari. Amma ba zai yafe mana ba, cewa cikinmu, har da ni mai yawon duniya, shekara huɗu babu wanda ya tambayi inda kati na biyu yake.

Bai bar gona mai yawa ba. Ya bar rubutun da ya tsaya wa marasa murya bayan ba ransa. Ranar da aka buɗe ramin, Hajja ta tsaya a bakinsa tana ƙirgawa da kanta. Da aka cika mata nata, ta ƙi tafiya.

"Kada ku rufe," in ji ta. "Saura na su Maryama."