Gonar Ƙudan Zuma a Ladywood

A gidan da na tashi, ciyawa a tsakar gida abin kunya ce. Innarmu kan ce matar da ta bar ciyawa ta kai ƙofar ɗakinta, maciji ta aika wa goron gayyata. Kafin rana ta fito mun share ko'ina tas, har sai an ga zanen tsintsiya a ƙasa. Da wannan idon na zo Manchester karatu, na kama ɗaki a unguwar Rusholme, inda ba ni da ƙasa ko ta tafin hannu, sai ƙarar bas dare da rana. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin aiki.

Da aka yi hutu a watan Afrilu, sanyi ya fara saki, itatuwa suna toho, sai na tafi Birmingham wurin yayana. Ya daɗe a can, yana da mata da 'ya ɗaya mai shekara tara, haifaffiyar unguwarsu ta Ladywood. Yarinyar tana jin Hausa amma ba ta mayarwa, don tsoron a yi mata dariya. Ni kaɗai take gwada wa, saboda ba na gyara mata. Takan raɓo jikina ta ce, "Gwaggo, ni so ruwa," ni kuwa in ji kamar an biya mini kujerar Makka. Babu abin da nake taƙama da shi a gidan kamar wannan sakin jiki da ta yi da ni.

Ranar Asabar suka shirya fita yawon tsaunuka a wajen gari, da takalman shiga taɓo da kwandon abinci. Na ce a kai kasuwa. Ni da na baro daji, in sake shiga mota in je kallon daji? A bakin ƙofa yarinyar ta riƙe hannuna ta ce, "In mun dawo, I'll show you something." Na ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Suna fita na buɗe ƙofar kicin ta baya. Ɗan fili ne da katanga. Rabinsa an aske ciyawar, rabin kuwa dajin Allah: ganyaye iri-iri sun kai ƙauri, ga busasshen ganye jibge a kusurwa, ga ruɓaɓɓun itace. Na ce a raina, oho, matar yaya, aikin asibiti ya mantar da ke gidan da kika fito. Na ci ɗamara. Babu fartanya, na yi da ƙaramin shebur da tsohuwar wuƙa. Na tuge na tugewa, na sassabe na sassabewa, na cika baƙaƙen ledoji. Na ga wasu duwatsu masu fenti an jera su a gefe, ban tsaya tambayar kaina wa ya jera su ba, na tara su wuri guda. Sannan na bi da tsintsiya. Har waƙa nake yi.

Bayan la'asar suka dawo. Yarinyar ko takalmi ba ta cire ba, ta ja ni da gudu har ƙofar baya, ta buɗe. Sai ta tsaya cak.

Uwarta da ta biyo mu ta yi salati. Ita ta faɗa mini, a hankali, ba ta kallona. Tun kafin sanyi ya shigo yarinyar ta shuka irin furannin daji da aka raba musu a makaranta, don ƙudan zuma su samu abinci. Duwatsun nan masu fenti ita ta jera su iyakar gonarta, ganyen da ke kusurwa kuwa makwanci ta yi wa bushiya. Kullum sai ta leƙa kafin ta tafi makaranta. A makon nan shukokin suka fara ƙunsar fure, ta hana kowa ya faɗa mini, wai ita za ta nuna wa Gwaggo da kanta, tunda Gwaggo ce ta san noma.

"You killed it!" Yarinyar ta fashe da kuka. "You killed all of it!"

Yayana ya daka mata tsawa. "Ke! Gwaggonki kike ɗaga wa murya? Ta wuni tana yi mana aiki? Durƙusa ki gode mata."

Na ce, "Yaya, don Allah ka bari. Ni na yi ɓarna."

"Ba ruwanki. This is the problem, yaran nan ba su san babba ba." Ya juya gare ta. "Ina jiranki."

Ta durƙusa a kan ƙasar da na share. Hawaye na zuba, ta ce, "Sannu da aiki, Gwaggo. Na gode. Allah ya saka da alheri." Ba tuntuɓe ko ɗaya. Ban taɓa jin Hausa ta fita tsaf daga bakinta haka ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so in ɗago ta, hannuna duk ƙasa, na kasa.

Na ba ta haƙuri da daddare, ta ce ba komai. Na ce zan sayo wani irin mu shuka tare, ta ce to. Sauran kwanakin da na yi, takan gaishe ni da safe cikin ladabi, ta wuce ɗakinta.

Ana gobe zan koma Manchester, yayana ya kira Inna a waya, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Ya ba ta labarin yadda na gyara musu gida fes, da yadda jikarta ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya da Hausa. Inna ta yi ta murna. Ta ce dama ta san zuwana zai yi wa yarinyar amfani, ta shiga sa mini albarka, Allah ya ba ni masu yi mini kamar yadda na yi. Yarinyar tana zaune a kan matakala tana jinmu. Yayana ya miƙo mini wayar, na ce amin.