Hannun Bahago a Majigi

Shekarun baya, tun Turawa na mulkin ƙasar nan, ni ma na taɓa fitowa a majigi. Jikokina dariya suke yi in na faɗa, amma tsofaffin Ƙofar Atiku sun san labarin.

Wani Bature ne ya zo da tafintansa, wai za su shirya majigin koya wa mutane fiɗar jar akuya, saboda fatun da ake kaiwa ƙasarsu suna zuwa da huji. Mutum biyu suke nema, mai wayo da wawa. Ni aka zaɓa mai wayo don ina da tsayi da farar riga, alhali ɗan tireda ne ni, ko kaza ban taɓa figewa ba. Wawan kuwa abokina ne, mahauci, bahago, wanda majema ke rububin fatarsa domin wuƙarsa ba ta taɓa huda fata ba. Baturen ya ce fuskarsa ce ta dace.

Ranar ɗauka aikina murmushi ne da gyaɗa kai. In an zo fiɗa sai a janye ni, a sa wa abokina rigata, a ɗauki hannuwansa kaɗai. Da aka zo nasa wasan, aka ce ya huda fata, sau uku hannun yana ƙi, sai a na huɗu.

Da majigin ya kammala, aka kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, gari ya taru. Wallahi har yau ban ga abu irin wannan ba. Ga abokina ya fi katanga tsayi, yana jan ƙafa, yana hamma, tafiyar da ban taɓa saninsa da ita ba. Ya ja akuya cikin ƙasa, ya caka wuƙa, sannan ya ɗaga fatar ya leƙo mu ta hujin. Ana ta dariya, sai fuskarsa a jikin ƙyallen ta canza a hankali, leɓensa na rawa. Filin nan ya yi tsit. Ni da aka ɗauki hoton a gabana ma, sai da na ji tausayin wawan nan kamar ban san shi ba.

To, mutanenmu a lokacin ba su san ana wasa a hoto ba, abin da ido ya gani shi ke nan. Majema suka daina zuwa wurinsa, Sarkin Pawa ya ce ya ajiye wuƙa tukuna. Sunan da ya gada tun kakansa ya zube. Ni kuwa ko'ina gwani ake ce mini, kuma na yi shiru, don yabo da daɗi. Mahaifiyata ta gargaɗe ni cewa zanen aro ba ya rufe katara, na yi kamar ban ji ba.

Ba a yi mako biyu ba Sarkin Pawa ya aiko in zo in koya wa mahauta fiɗa. Aka kwantar da akuya, aka miƙo mini wuƙa. Na juya ta, na sake juyawa, gumi har cikin ido. Ƙarshe dai na faɗi gaskiya a gaban kowa.

Sarkin Pawa ya dube ni ya ce, "Ɗana, tun da kar riƙa wuƙa da dama nig gane. Hannun majigi bahago na."

Aka kira abokina. Ya karɓi wuƙar da hagu. Ya feɗe akuyar, ya ɗaga fatar ga rana, ko ƙofar allura babu. Daga baya, bayan na roƙi gafararsa, na tambaye shi inda ya koyi wasa haka.

Ya ce, "Ba wasa niy yi ba. Hwata ta gaske nih huda, kuma ban taɓa ba."

Yanzu in jikokina sun kunna fim suna yabon wani ɗan wasa, fuska nake duba, ko akwai abin da ya yi masa ciwo da gaske. Kaɗan nake samu. Fatar nan abokina ya kai aka jeme masa, ya ajiye, da ya rasu iyalinsa suka aiko mini da ita. Tana nan rataye a ɗakina. Huji ɗaya ne a jikinta, kuma shi kaɗai ne a duk aikin rayuwarsa.